Takowa, Matar Mai Agogo

A unguwar kaf babu mai kiran matar Mai Agogo da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Takowa ake ce mata, kuma sunan ya bi ta. In an yi haihuwa ita ake fara buga wa waya. In an yi rasuwa ita ce ta san wa aka sanar, wa aka manta. Miji da mata suka kaure, kafin dangi su ji labari Takowa ta riga ta shiga ta fita, ta bar su suna cin abinci a kwano ɗaya. Ta san 'yar wane ke auren ɗan wane, ta san abin da ya haɗa matar magini da matar direba har ba sa gaisawa, ta kuma san ranar da za su shirya tun su ba su sani ba. Kai ka ce mutanen unguwar aka juye mata a ka, kowa da inda yake zaune.

Mijin nata kuwa, ikon Allah, kamar ba a gida ɗaya suke kwana ba. Mai Agogo zai wuni a ɗan shagonsa na bakin titi, gilashi maƙale a ido ɗaya, ya duƙufa kan cikin agogo da ɗan hantsaki a hannu, maganar da zai yi duk yinin ba ta wuce "gobe ka dawo" ba. Ba ya zaman majalisa, ba shi da abokin hira, gidan biki ma sai an ja shi. Duk duniyarsa mutum ɗaya ce, kuma mutum ɗayan nan ta kowa ce.

A faɗi gaskiya, kishi ne yake cinsa tun suna da ƙuruciya. Ba kishin wani namiji ba, da hakan ne ma da sauƙi, ka san wanda za ka harara. Shi unguwa guda yake kishi. Zai dawo da yamma ya tarar da takalma jibge a ƙofar ɗaki, manya da ƙanana, ya tsallake su ya wuce ya ci abincinsa shi kaɗai, yana jiyo dariyarta ta bango. Dariyar nan ta fi komai ƙona masa rai, irin wadda take yi har da buga cinya, har da tari a ƙarshe. Shi bai taɓa sa ta yin irinta ba. Bai taɓa cewa komai ba kuwa, don me zai ce? Ya ce matarsa ta cika son mutane? Ai dariya za a yi masa.

Ana nan, wata safiya tana shanya kaya a tsakar gida, sai jin faɗuwarta ya yi. A asibiti aka ce hawan jini ne ya buge ta, ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakin ya ɗan karkace, maganar kuma ta ɗauke ɗif. Tana ji, tana gani, tana gane mutane, amma in ta buɗe baki babu abin da ke fita sai "to". Kina jin yunwa? To. Ina ne ke ciwo? To. Matar da bakinta bai taɓa hutawa ba, ga ta kwance da kalma ɗaya tak kamar yaron goye.

Ranar da za a sallame su, wata likita matashiya mai koyar da masu irin wannan ciwon magana ta tare shi a baranda. Ta ce a riƙa yi wa Mama hira, a bar mutane su zo, kada a bar ta shiru. Mai Agogo ya gyaɗa kai ya yi godiya. Amma a ransa ya riga ya gama yanke yadda za a yi.

Shi dai abin da sana'arsa ta koya masa ɗaya ne. In ka buɗe agogo, abokin gabarsa na farko ƙura ce, na biyu kuma yawan hannu. Agogon da ya bi ta hannun masu gyara uku ba ya ƙara yin daidai. Shi ya sa in ya warware kayan ciki zai tashi, sai ya kifa musu kofin gilashi, kada ko numfashin wani ya taɓa su. To, ƙwaƙwalwa ai ta fi agogo laushi. Abin da ya lalace a ciki, a ganinsa, shiru yake so da hannu ɗaya mai haƙuri, kuma duk garin nan wa ya kai shi haƙuri da ƙananan abubuwa?

Suna isa gida ya sa sakata. Ya kashe wayarta ya jefa a akwatin kayan aikinsa. Masu dubiya suka yi ta zuwa, yana tare su a bakin ƙofa, jiki rabi a waje rabi a ciki.

"An gode, an gode. Likita ta ce ta huta."

"Ko leƙa ta ba za mu yi ba, Malam?"

"Barci take yi. Zan gaya mata kun zo."

Suka yi ta komawa da ledojinsu na lemo, suna waiwaye. Da aka kwana biyu ƙafa ta ɗauke.

Abin da ba zai taɓa gaya wa kowa ba shi ne daɗin da ya ji. Astagfirullahi, matarsa na kwance, amma ya ji daɗi. Gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai agogunan bango da ya tara a falo suna tafiya tare. Shi ke ba ta abinci a baki. Shi ke shafa wa mataccen hannun mai, yatsa bayan yatsa. Ya yanke mata farce da ɗan almakashin shago, a tsanake, kamar yana gyara agogon wani babban mutum. In ta buɗe ido shi take gani, in za ta rufe shi take gani. Tun da aka kawo ta gidan nan bai taɓa samunta haka ba.

Kullum da hantsi ya jera kaya a kan faranti ya zauna gabanta.

"Wannan kofi ne. Ce kofi."

"To."

"Ko-fi. Duba bakina. Wannan kuma cokali."

Ta dubi cokalin, ta dube shi, goshinta ya tattare, leɓɓanta suka yi ta rawa. "To," in ji ta, hawaye ya gangaro ta gefen da ya karkace.

"Ba komai, ba komai. Gobe ma rana ce."

Ba ya gajiya. Ya sa a ransa cewa maganar za ta dawo, kuma a hannunsa za ta dawo, shi za a fara yi wa ita. Wannan kaɗai yake roƙo. Unguwa ta ci rabonta shekara da shekaru, wannan karon nasa ne.

Autarsu, wadda take aure a can wani gefen gari, ita ke zuwa ta zauna da uwar in ya leƙa shago da safe. Tun makon farko take ƙunƙuni.

"Baba, mutane fa suna ta kirana. Sun ce ko fushi ake yi da su."

"Ki ce musu tana samun sauƙi."

"Ni ban ga sauƙin ba. Jiya wuni ta yi tana kallon ƙofa."

"Ke likita ce?"

Auta ta ajiye kwanon da ke hannunta da ƙarfin da bai kamata ba.

Da suka koma asibiti ganin likitar maganar, ta nuna wa Takowa hotuna, ta yi mata tambayoyi, ta saurari "to" ɗin nan har ta gaji. Sai ta ajiye hotunan ta juyo.

"Baba, su wa ke zuwa wajenta?"

"Ni."

"Sai wa?"

"Sai 'yarta."

Likitar ta dubi Auta, Auta ta dubi silin.

"Baba, bari in yi maka bayani," in ji likitar, ta gyara zama. "Babban aikin da ƙwaƙwalwa take yi tun muna jarirai shi ne mutane. Gane fuska, gane murya, gane wa ya ji haushi, wa ke tare da wa. Da shi take girma, da shi take motsa jiki. Yanzu wani wuri a kan Mama ya lalace, dole magana ta nemi wata hanyar da za ta bi ta fito. Hanyar da aka fi takawa kuwa ita ta fi saurin buɗewa. Auta ta ce mini rabin unguwa a kanta yake. To ka ga, ba kofi da cokali ne suka cika mata kai ba."

"Abin da ya lalace," in ji Mai Agogo a hankali, "ba a tara masa hannu. Ko agogo ne..."

"Mama ba agogo ba ce, Baba. Kuma ka yi haƙuri, lokaci yana tafiya. Watannin farkon nan ne ake samun sauƙi da sauri. In suka wuce tana zaune shiru, abin zai yi mata nauyi sosai."

Ya ce to, shi ma. Yarinyar da ba ta girmi Auta ba, ita za ta gaya masa abin da ke kan matarsa! Ya koma gida ya mayar da sakatarsa.

Bayan 'yan kwanaki aka ɗauke wuta a layin shago, ya kasa ganin aiki, ya rufe ya dawo kafin lokacin da ya saba. Tun daga tsakar gida ya hango wasu silifa a ƙofar ɗaki, manya, duga-dugansu sun cinye ta gefe ɗaya. Ko a mafarki ya gan su ya san na wace ce. Rediyo ce, aminiyar Takowa, mai injin niƙa. Shekarun da ta yi tana magana a kan ƙarar inji sun sa ba ta iya raɗa ba, in ta ce sirri za ta gaya maka, maƙwabta ma sun ji. Duk cikin masu ɗauke masa mata babu wadda ya tsana kamarta. Auta ce ta buɗe mata, ba tantama.

Ya tsaya bayan labule.

"...to kin san ɗan tela na biyun, mai tsawon nan, ai an sa masa rana," muryar Rediyo ke cika ɗakin. "Uwar sai hura hanci take. Yarinyar kuma ba wata ba ce, ƙanwar mai kitso ce."

"A'a."

Mai Agogo ya dafa bango. Muryar ta dushe, ta yi kauri, amma muryar matarsa ce.

"A'a me? Ƙanwarta ce mana, ni da na ga..."

"A'a. 'Yar... 'yar yayarta."

"Ke dai! Ƙanwarta."

"'Yar yayarta," in ji Takowa da ɗan zafi, har da buga katifa. "Ta... ta bayan makaranta."

Auta ta kurma ihu. Rediyo ta hau salati tana tafa hannu. Shi kuwa da farko wani sanyi ne ya ratsa shi tun daga ka har ƙafa, ya ce alhamdulillahi a ransa. Bai gama faɗa ba wani abu baƙi ya taso masa. Makonni yana durƙushe gabanta da kofi da cokali. Shi ya yi wankin, shi ya yi ɗaukar, shi ya hana idonsa barci. Amma maganar da ta dawo ba ta ga damar fitowa ba sai a kan 'yar yayar mai kitso, kuma a gaban wannan mata mai bakin ganga.

Ya yaye labulen.

"Hajiya, ya isa haka. Kin gajiyar da ita."

Rediyo ta juyo, fuskarta jiƙe da hawaye. "Malam, ba ka ji ba? Magana ta yi!"

"Na ji. Ki tashi, lokacin maganinta ya yi."

"Gajiya? Wallahi ba gajiya ta yi ba, ƙishirwar mutane ke damunta. Dubi idonta mana!"

"Gidana ne ko naki?"

Rediyo ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa, ta gyara mayafi. A bakin ƙofa ta tsaya tana zura silifanta.

"Naka ne, Mai Agogo. Ka kifa mata kofin gilashin naka ka zauna ka yi ta kallo. Ni da ƙafata ba zan sake takowa ba."

Daga ranar Takowa ta juya wa ɗakin baya. Ta fuskanci bango. Ya zo da farantinsa da safe, ya ce kofi, ko "to" ɗin ma bai samu ba. Ya kai mata cokali baki, ta datse leɓe, sai da Auta ta karɓa sannan ta ci kaɗan. Kwana ɗaya, kwana biyu, abin ya ƙi wucewa. Shirun da yake jin daɗinsa da, yanzu ya zama kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, agogunan falo ma ji yake kamar zaginsa suke.

Ya ce bari shi ma ya gwada. In hirar mutane take so, ai shi ma mutum ne, yana da baki. Ya zauna a bakin gado ya yi gyaran murya.

"An ce... an ce ɗan tela zai yi aure."

Ta ɗan juyo da kai.

"Ɗan tela ɗin nan. Mai tsawo."

Tana jira. Ya lalubi kansa, wayam. Wane telan ma? Akwai tela a kusa da shagonsa, akwai wani a bayan layi, bai san sunan ko ɗaya ba, bai san wa ke da ɗa wa ke da 'ya ba. Mutanen da yake gyara wa agogo da agogonsu yake gane su, ba da fuska ba.

"To... Allah ya sa alheri," ya ƙarasa.

Ta dube shi wani irin kallo, ba na fushi ba, na tausayi, wanda ya fi mari ciwo. Ta mayar da fuskarta bango.

Da la'asar Auta ta same shi a tsakar gida yana zaune ya zuba wa ƙasa ido. Ta durƙusa a gefensa.

"Baba, ka yafe mini abin da zan faɗa."

Bai ɗago ba.

"Ka ji abin da likita ta ce game da lokaci. In Umma ta ƙare rayuwarta a haka, ba ciwon ne kaɗai ya yi mata ba. Ni dai ba zan iya ci gaba da kallo ba. Ko ka buɗe ƙofar nan, ko in kira su Yaya mu ɗauke ta."

Ya so ya daka mata tsawa. Maimakon haka ya tashi ya ɗauki hularsa.

Abin kunya, bai san gidan Rediyo ba. Shekarun nan duka matarsa na zuwa gidan kamar ɗakinta, shi ko layin bai sani ba. Sai da ya tambayi mai shagon kan kwana, wanda ya dube shi sama da ƙasa kafin ya nuna masa. Ashe ma bai buƙaci tambaya ba, ƙarar injin ta ishe shi jagora.

Rumfar cike take da mata, kowace da bokitinta a layi. Rediyo na tsaye kan injin, gari ya yi mata fari fat har gira. Ta gan shi sarai, ta ɗauke kai.

"Hajiya, sannu da aiki."

Inji na ta ruri.

"Hajiya! Na zo ne..."

Ta sa hannu a kunne, ta girgiza kai, wai ba ta ji.

"Na ce ki yi haƙuri!"

"Me?"

Ya dubi matan, duk sun zuba masa ido. Ya cika ƙirji da iska, mutumin da bai taɓa ɗaga murya ba tun da aka haife shi. Daidai lokacin Rediyo ta miƙa hannu ta kashe injin.

"NA YI KUSKURE, KI ZO KI GA MATATA!"

Maganar ta fita cikin shiru, ta daki bangon gidan da ke kallonsu ta dawo. Wata ta fara ƙyalƙyalewa, sai rumfar duka ta ɗauka. Rediyo ba ta yi dariya ba. Ta karkaɗe hannuwanta a zani ta ce wa ta farkon layi, "Ku jira ni ko ku dawo gobe." Ta wuce gabansa, ya bi ta a baya kamar wanda aka kamo.

Haka ƙofa ta buɗe. Kafin mako ya zagayo gidan ya koma yadda yake, har ya fi. Matar magini ta zo, matar direba ta zo, suka zauna gefe da gefe suna hararar juna, Takowa na kallonsu ido na ƙyalli. Maganar ta riƙa dawowa a gutsure. Sunan mutum ya ɓace mata, sai ta zagayo ta wajen danginsa, uwar wance, kishiyar gidan su wane, surukar mai kanti, har ta cafko shi. In aka yi kuskuren dangantaka a gabanta kuwa ba ta bari, ko za ta yi gumi sai ta gyara. Rediyo ta gane haka, ta riƙa aurar da mutane ga waɗanda ba nasu ba da gangan. Likita ta ji ta a zuwa na gaba ta ce madalla, a ci gaba da duk abin da ake yi.

Mai Agogo ya tsaya bayan su Auta sun fita. Ya daɗe yana juya hula a hannu.

"Likita, ni fa har yanzu daga 'ruwa' sai 'to'. Su kuwa har musu take yi da su."

"Zai zo, Baba. Kafin ciwon, ku me kuka fi yin hira a kai? Ka fara daga nan."

Ya tsaya yana tunani. Abinci ya yi. An kawo wuta. Ina makullin. Ya yi ta lalube bai samo abin da za a kira hira ba. Ya sa hularsa ya ce an gode.

Ya zama mai dafa shayi. Da yamma in ɗaki ya cika, shi ne a kicin yana jera kofuna, ya kawo ya miƙa ta gefen labule, ya koma. Yana murna, Allah ya sani yana murna. Amma duk kalmar da ta fito daga bakinta ta faɗa kunnen wata, sai ya ji kamar daga aljihunsa aka zare ta. Ranar da ya jiyo dariyar nan ta dawo, a karkace, rabi-rabi, amma har da tarin a ƙarshe, sai da ya ajiye butar shayin ya kasa kunne. Rediyo ce ta sa ta, wa kuma?

Wata yamma ya taho da faranti, ya ji ana ambatonsa, ya tsaya cak bayan labule. Rediyo ce ke ba da labarin zuwansa rumfa, karo na ba adadi, kuma kullum labarin ƙara tsawo yake. Har ta miƙe tsaye tana kwaikwayonsa.

"Ya cika ƙirji haka, kamar zakara zai yi cara, jijiyar wuya ta fito. Ni kuwa na ce yau ga ranarka, na kashe inji!"

Ɗakin ya ɗauki shewa. Kunnuwansa suka yi zafi. Ya ji kamar ya watsar da farantin ya koma shago ya kulle kansa.

"Ai maganinsa ke nan," in ji matar direba. "Ni wallahi mutumin nan tsoro yake ba ni. Mutum ya kulle mara lafiya kamar ɗaurarriya? Wannan ai mugunta ce. Ke dai kin yi haƙuri, Takowa, zama da mai baƙin hali..."

"A'a."

Irin "a'a" ɗin nan ce da suka sani, ta gyaran kuskure.

"Ba... mugu ba ne." Tana numfashi tsakanin kalmomin, kamar mai hawa bene da kaya. "Kishi. Kishi yake."

"Kishi?" in ji Rediyo. "Kishin wa, ana zaune ƙalau?"

"Ku. Duk... ku. Tun ina amarya." Ta huta. Babu wadda ta motsa. "Ni ina da ku. Shi... ba shi da kowa. Ni kaɗai."

Kofunan suka fara kaɗawa a kan farantin, ƙaran-ƙaran, ya kasa tsayar da su. Ashe ta sani. Duk shekarun nan da yake haɗiyewa yana ganin ya ɓoye, ta sani. Magana mafi tsawo da ta yi tun da ta faɗi, a kansa ta yi ta, ta wanke shi kuma ta tuɓe shi a gaban matan unguwa, kuma ko ita ɗin ma ba shi aka gaya wa ba.

Ƙarar kofunan ce ta tona shi. Matar magini ta ɗaga labulen, ga Mai Agogo tsaye, shayi na zuba a faranti. Matan suka sunkuyar da kai, matar direba ta shiga gyaran ɗankwalin da bai kwance ba.

Takowa ta dube shi. Ta ɗaga hannun hagu, mai lafiyar, ta bubbuga bakin katifa.

Ya ajiye farantin a ƙasa. Babu wurin zama, ɗakin cike yake, Rediyo kuma ko gezau ba ta yi ba balle ta matsa. Dole ya ratsa tsakanin ƙafafun mata yana cewa ku yi haƙuri, ku yi haƙuri, ya takure a ɗan wurin da ya rage tsakanin gado da gwiwar Rediyo. Yana zama Takowa ta kama wuyan hannunsa ta riƙe gam.

Ya jira ta ce masa wani abu. Ya zuba wa bakinta ido.

"To," in ji ta, ta juya wajen Rediyo. "Ɗan tela. An... an kai kayan?"

"Wane kaya! Ai nan ake yinta," in ji Rediyo, ta gyara zama har tana take masa yatsa. "Bari ki ji abin da uwar yarinyar ta ce."

Hira ta ɓarke, ta bi ta kansa ta wuce kamar ba ya wurin. Bai san telan ba, bai san uwar yarinyar ba, bai gane abin da ake wa dariya ba. Fuskarta tana wajensu, idonta, muryarta, duk suna wajensu. Hannun ne kawai nasa, kuma bai sassauta ba. Kishin na nan daram a ƙirjinsa, bai je ko'ina ba. Ƙafarsa ta dama ta fara mutuwa a ƙarƙashinsa, shayin ya huce a bakin ƙofa babu wanda ya ɗauka. Bai motsa ba, don kada ta saki.